Adakar kawu: yadda muka yi da wuƙaƙe da kayan dajin da ya bari a Birni

Kwana uku bayan addu'ar arba'in ɗin kawu, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, taubashina babban ɗansa ya bugo mini waya bayan la'asar yace in da hali in zo gida unguwar Birni a nan Damagaram yanzu yanzu, wai sun jawo adakar ƙarfen nan ta ƙarƙashin gadon tsoho sun buɗe akwai tarkace a ciki irin wanda nake so, kuma wani dillali ya riga ya zo ya gani ya taya jika 40, wato sefa dubu 40, duka har da adakar, gobe da safe zai dawo da kuɗi. Nace masa don Allah don Annabi kar ku karɓi ko dala, kar kowa ya ƙara taɓa komai sai na iso. Sai yayi ɗan shiru sannan yace ai auta ya riga ya gyara guda biyu. Wannan kalmar ta gyara ita ta sa na tare kabu-kabu ban ko tsaya canza riga ba.

Kawu direba ne tun yana saurayi. Ya ja babbar mota hanyar Tanut zuwa Agadas shekara da shekaru, daga baya lokacin da turawa ƴan yawon buɗe ido ke cika Agadas, kafin tawayen shekarun 1990 ya kashe harkar, ya koma jan ƙaramar mota yana kai su daji, wani lokaci har ta Gure su bi su nufi Tarmit. Mutum ne da ba ya zubar da kaya, abin da bature ya ba shi kyauta ko ya sayar masa lokacin komawa gida yana nan, abin da ya gada wajen mahaifinsa wato kakana yana nan. Ni kuma ɗan ƙanwarsa ne, ba ni da gado a gidan, amma kowa a dangi ya san na daɗe ina tara tsofaffin wuƙaƙe, ranar Alhamis in an neme ni an rasa to ina Kasuwar Dole wajen masu gwangwan ina tona. Shi ya sa aka kira ni. Kuma tun a kan babur na san akwai matsala a tattare da kiran, domin mai son kaya ne aka ce ya zo ya faɗi kuɗin kaya, zan dawo kan wannan.

Na tarar an shimfiɗa tabarma a tsakar gida an baje komai a kai. Inna, matar kawu, tana cikin takaba tana zaune daga bakin ƙofar ɗaki tana kallo. Ni da taubasaina mun saba da tsokanar juna amma ranar ba wanda ya yi. Warin tsohon kananzir da jima shi ya fara dukan hancina. Akwai wuƙaƙe na ninkewa guda 3, akwai wata doguwa mai ado a cikin kube mai tuntaye kore da ja, akwai wuƙar hannu ta da, sai fitilar famfo, risho na farin ƙarfe mai ƙafa uku, da bido na sha ruwa da kofinsa. Biyu daga ciki suna ta walƙiya kamar yau aka fito da su daga shago, kuma su ne suka sa gabana ya faɗi.

Abin da ya faru shi ne, auta yaro ne mai kirki ɗan shekara ashirin da wani abu, ya ga tsatsa a jikin kayan babansa abin ya dame shi, sai ya ɗauki guda biyu ya kai wa abokinsa mai walda aka sa musu injin gurza ƙarfe, nufinsa in dillali ya dawo ya gansu fes ya ƙara kuɗi. Wallahi niyya ce mai kyau, kuma yawancin mutanenmu haka za su yi, ai kowace babbar sallah haka muke kai wuƙar layya a gurje ta. Amma wuƙar yanka daban tsohuwar wuƙar ajiya daban. Injin nan yana yin ɓarna iri biyu. Ta farko yana cinye tambari da rubutu da duk wata alama da za ta faɗa maka wane ne ya ƙera, a ina, yaushe. Ta biyu zafi. Ƙarfen wuƙa an ba shi ruwa ne ya yi tauri, in ka riƙe shi a injin har ya fara canza launi daga ruwan ƙasa-ƙasa ya koma shuɗi, wajen digiri 300 kenan, to taurin wurin ya tafi, za ka wasa ta tayi kaifi amma ko albasa biyu ka yanka ta dakushe. Tsinin ƙaramar wuƙar da ya kai shuɗi ne sosai.

Ƙaramar nan Douk-Douk ce, kuma ba ma wadda aka fi sani ba. Kamfanin Cognet ne ke yin ta a garin Tiyer na Faransa tun 1929, garin da ya yi suna da ƙirar wuƙa. Asali don tsibiran tekun Fasifik aka yi ta shi ya sa ta farkon ke da zanen wani dodo na can a ƙota, can ba ta karɓu ba sai ta zo ta yi kasuwa a Arewacin Afirka musamman Aljeriya, daga nan ta gangaro mana ta Sahara. Ba ta da wani tarkace, falle ɗaya na ƙarfe aka lanƙwasa ya zama ƙota, sai ruwan wuƙar, sai ƙarfen baya mai riƙe ta, ƙusa biyu da ɗan zoben rataya, gaba ɗaya abu 6 kenan, siririya har ka manta tana aljihu. Ta kawu irin wadda ake kira El Baraka ce, ƙotarta fara, kuma a maimakon dodon nan sai aka zana kuros ɗin Agadas, adon nan na Buzaye da ake ratayawa a wuya. Ka ga wuƙar Faransa ɗauke da alamar ƙasarmu, ni shekara nawa ina neman tsohuwar irinta a kasuwa ban dace ba, yau ga ta a gidan kawuna amma rubutun kamfanin da ke gindin ruwan an shafe shi tas, rabin kuros ɗin ma injin ya lashe. Na daɗe riƙe da ita ban ce komai ba domin auta na tsaye yana kallon fuskata.

Sauran biyun na ninkewa ba a taɓa su ba, alhamdulillahi, kuma a nan ne na nuna musu amfanin barin abu yadda yake. Ɗaya Okapi ce, mai zoben nan da kake ja kafin ta rufe, in kana buɗewa tana ƙara kar-kar-kar, da wata da taurari na ƙarfe a jikin katakon. Na ɗiga mata man keken ɗinki na goge da tsumma sai ga rubutu ya fito a gindi cewa a Jamus aka yi ta. Okapi a Solingen aka fara ta a 1902 don kasuwar Afirka, a 1988 aka kwashe aikin aka mayar Afirka ta Kudu, saboda haka wannan ɗan rubutun kaɗai ya isa ya faɗa maka ta girmi 1988. Na ce wa taubashina kalli nan, da an sa mata inji da yanzu ba ta da bambanci da jabun da ake zubawa a faranti a tasha. Ɗayar kuwa Opinel ce mai ƙotar katako, wadda Joseph Opinel ya fara a 1890 a yankin duwatsun Savoie na Faransa, da tambarinta na hannu da kambi a sama. Ita da zoben wuyanta ake gane zamaninta. An ƙara zoben kullewa a 1955, sannan a shekarar 2000 aka gyara shi yadda zai kulle ta ko tana rufe. Ta kawu tana kulluwa a buɗe amma ba ta kulluwa a rufe, ka ga tana tsakanin shekarun biyu kenan. Sai dai na faɗa musu gaskiya ba wata mai tsada ba ce, an yi miliyoyinta, sabuwa ma a Faransa ba ta kai yuro 20 ba, kusan jika 13 namu, ita kuma wannan wasa ya cinye ruwanta har ya zama kamar ganyen dogon yaro.

Doguwar mai ado ita yaran gida suka ɗora wa rai, wata cikin ƴan matan ma ta ce an gaya mata ƙotar hauren giwa ce. Na kunna fitilar waya na duba. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo-ɗigo da gajerun layuka baƙaƙe, hanyoyin jini ne da datti ya cike, haure kuwa sumul yake kuma in ka dubi inda aka yanke shi za ka ga layuka suna gittawa juna kamar saƙar raga. Wannan ɗigo ne ko'ina, ƙashi ne. Kuma gara da ya zama ƙashi, domin tun 1989 aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe, da wahala kawai zai jawo musu. Ruwanta kuma na ɗan danna a gwiwa ya lanƙwashe ya tsaya a haka bai dawo ba, ba a ba shi ruwa ba sam. Irin wadda ake yi ne don ƴan yawon buɗe ido su rataya a bango, kyakkyawa ce, aikin fatar ma ba laifi, amma kayan tsaraba ce. Ba su ji daɗi ba.

Toh sai wuƙar hannu, wadda ita ce ta biyu da aka kai wa mai walda, kuma a kanta ne duk wannan rubutun ya taso. Allah ya taimaka gefe ɗaya kawai aka gurza aka ɗauke wuta, auta ya dawo da ita da niyyar komawa washegari. Gefe ɗaya fari fat da zanen injin a jiki, ɗayan baƙi wuluk yadda shekaru suka bar shi. Inna daga inda take zaune ta ce wannan ta Baba ce, tana nufin surukinta, kakana, ta ce tun tana amarya take ganinta a damtsensa in zai fita ƙauye cin kasuwa. Kuben yana da zoben fata mai faɗi da ake zura hannu a ciki. Buzaye suna sa tasu a hannun hagu ƙasa da gwiwar hannu ƙotar tana kallon tafi, Tubawa kuma sun fi sa ta sama da gwiwar hannu, wannan zobenta mai faɗi ne na damtse. A gefen da ya tsira, kusa da ƙota, na ga layuka uku a tsaye da ɗigo a tsakaninsu, sannan ƙasa kaɗan wasu ƙananan zane-zane a karkace da suka kusa ɓacewa. Ni abin da na sani a littafi da waya ya ƙare a nan, kayan Turai suna da lamba da shekara, namu sai ka je wajen masu shi.

Washegari da sassafe ni da taubashina muka ɗauke ta muka tafi maƙera wajen wani tsoho da ido ya fara yi masa rauni, ƴaƴansa ke aikin yanzu shi yana zaune gefe kusa da zuga-zugi. Mutane suna mantawa garin nan garin maƙera ne, a zamanin Sarki Tanimu har igwa aka ƙera a Damagaram, ba ƙaramin ilimi ke gidajen nan ba. Muka gaisa na durƙusa na miƙa masa nace Baba a duba mana wannan. Bai fara da kallo ba, babban yatsa ya bi da shi a gefen baƙin tun daga ƙota har tsini, ya dawo ya tsaya kan layukan nan uku, ya juya gefen da aka gurza ya shafa sau ɗaya ya cire hannunsa. Yace wa ya yi mata haka? Taubashina yace yaro ne Baba, bai sani ba. Yace to Allah ya kyauta, ya sake juyawa gefen baƙin yace ɗana wannan aikin gidanmu ne, hannun mahaifina ne, shi ke sa uku da ɗigo, ƙanensa biyu yake sawa. Sannan ya kama yatsana ya ɗora kan zanen nan na karkace yace ka ji? haƙoran magagari ne. Wato tsohon magagarin Turai da ya gama aiki aka buɗa aka mayar wuƙa, domin ƙarfensa yana karɓar ruwa fiye da kowane, maƙeri kuma da gangan yake barin ɗan saura a gindi don mai saye ya san ba da ƙarfen banza aka yi masa ba. Yace mahaifinsa ya ajiye masaba tun kafin shugaba Kunce ya hau mulkin Nijar, shi kuma Kunce 1974 ya hau.

Wallahi tsigar jikina sai da ta tashi. Na yi shekaru ina bin tambarin Jamus da Faransa ina haddace shekaru, ga tambari a unguwarmu wanda mutum ɗaya ko biyu ne suka rage da za su iya karanta shi, kuma saura ƙiris injin walda ya share shi cikin minti biyu. Da wuta ba ta ɗauke ba da yanzu ƙarfe ne kawai mai tsini. Na tambaye shi ko za a iya gyara gefen da ya lalace, yace a'a kar a ƙara cire mata nama, a bar ta, a riƙa shafa mai, da kanta za ta yi duhu ko da ba za ta kamo ɗayan ba. Ya kuma tabbatar mana zafin bai kai bakin kaifin ba tunda ita mai kauri ce ba kamar ƙaramar ba. Na roƙe shi ya sake faɗar bayanin na ɗauka a waya da muryarsa, ya yarda, taubashina kuma ya rubuta a takarda da sunan maƙerin da na kaka aka ninke aka ajiye tare da ita.

Dillalin ya zo muna dawowa. Ba zan zalunce shi ba, sana'arsa yake yi, yana saye nan ya kai Yamai ko Kano, kuma wanda ya taya bai yi laifi ba. Amma na lura da ya zauna hannunsa bai je kan mai adon ba ko sau ɗaya, wuƙar hannun ya fara ɗauka, da ya ga gefen da aka gurza sai da ya yi tsaki. Ya san abin da yake nema. Taubashina ya ba shi haƙuri yace kayan gado ne sai an raba. Ni kuma na ƙara masa da cewa irin wannan ko sayarwa za a yi ba ta fita waje haka kawai, tun 1997 ƙasar nan ke da dokar kare kayan tarihi da al'adu, fitar da tsohon abu sai da izini. Yace ya sani. Muka rabu lafiya.

Fitila da risho ba su ba mu wahala ba. Fitilar Petromax ce ta Jamus, irin wadda Max Graetz ya fito da ita a Barlin a 1910, sunan na jikin tankin an buga shi a ƙarfe, wannan yana da muhimmanci domin ƴan China da Indiya sun kwaikwaye ta sosai har sai ka duba da kyau. Yadda take aiki, kana buga famfo iska ta matse kananzir ya hau ta wani bututu mai zafi ya zama tururi, ya fita ta ɗan ƙaramin rami ya kama a cikin ƴar ragar nan fara da ake ɗaurawa, ita ragar ce ke yin haske, babbar irin ta kawu tana ba da hasken kyandir 500. Gilashinta lafiya, fatar famfo ce ta bushe ta ƙanƙance. Na gargaɗe su da babbar murya kar wanda ya kuskura ya zuba mata esans na mota, kananzir kawai. Rishon kuma Primus ne na Suwidin, wanda aka fara a 1892, irinsa wani matafiyi mai suna Amundsen ya tafi da shi ƙarshen kudancin duniya a 1911. Su suna buga harafi a ƙarƙashin tanki, A tana nufin 1911 a haka ake tafiya, na kawu harafi biyu ne, wato bayan an ƙare haruffa guda-guda, daga tsakiyar shekarun 1930 zuwa sama. Ya girmi kawu da aikin mota, inaga hannu biyu ko uku ya bi kafin ya iso gare shi. Har allurar tsokane ramin tana ɗaure da zare a ƙafarsa.

Yanzu maganar da nace zan dawo kanta. Malamin da ya raba gida da sauran dukiya ya riga ya ce musu ko allura ce mamaci ya bari gado ce, ba wanda zai ɗauka don yana so. Magada su ne Inna, maza 2, mata 3, iyayen kawu sun riga shi rasuwa. Inna tana da tumuni tunda akwai ƴaƴa, saura kashi 7, namiji biyu mace ɗaya, sai lissafin ya faɗa daidai kashi 8. Amma kafin a raba sai an yi wa kowane abu kuɗi, ni kuma raina yana kan Okapi da rishon, kuma ba zan ɓoye ba har da wuƙar kaka. In na faɗi kuɗi ƙasa na ci haƙƙin marayu, in na faɗi sama don a ga ni mai gaskiya ne na cuci wanda zai ɗauka a rabonsa. Sai na faɗa musu ƙarara a gaban Inna, nace ga abin da nake so in saya, saboda haka ba zan sa baki a kuɗinsu ba. Aka kira wani mai gyaran risho da fitila daga kasuwa, aka haɗa da babban ɗan tsohon maƙerin nan, su suka yanke, ni na yi bayanin shekaru da asali kawai na koma gefe.

Abin da aka tsayar, kuma wannan kuɗin da muka yarda da shi ne a tsakaninmu a nan garin ba farashin wata kasuwar waje ba: wuƙar kaka jika 50, fitila 35, risho 25, Okapi 15, mai ado 10, Opinel 5, Douk-Douk da aka gurza 5, adaka da bido da kofi 15. Ya kama jika 160, ninki huɗu na tayin dillali, kowane kashi jika 20. An ɗan yi ja-in-ja kan wuƙar kaka, ɗaya cikin matan ta ce ita ma jikarsa ce me ya sa sai namiji, kuma tana da gaskiya, ba wata doka da ta ce wuƙa ta namiji ce. Aka yi shiru. Inna ce ta kashe maganar, ta ce ku bar ta a gidan nan inda ta saba, duk mai son gani ya zo ya gani, in wanku ya taɓa tunanin sayarwa ke za a fara tambaya. Ta yarda. Babban ya ɗauka a rabonsa na jika 40 ya ciko 10 daga aljihunsa. Ni ban ko buɗe baki a kanta ba, na so ta har cikin raina amma gidan ubanta ya fi ɗakina.

Inna ta ce ita Opinel take so, da ita kawu ke yanka mata mangwaro yana miƙo mata a kan tsinin, sai adakar da bidon, ya cika 20 ɗinta cif. Na nuna mata in damina ta zo katakon ya kumbura ta ƙi buɗuwa kar ta sa farce, ta ƙwanƙwasa gindin ƙotar a bakin turmi ruwan zai leƙo da kansa. Na sayi Okapi da risho jika 40, dillalin ya dawo ya ɗauki mai adon a 10, da cikon babban aka haɗa 60 aka ba mata uku. Auta ya ɗauki fitila, sannan yace a ba shi Douk-Douk ɗin da ya ɓata a rabonsa, ba ya so ta tafi hannun wani a haka. Na ce masa auta ka riƙa amfani da ita, ka wasa a dutse da hannu a hankali, a kwana a tashi za ka wuce wurin da ya yi shuɗi ka iso ƙarfe mai kyau, tunda ta daina zama ta ajiya bari ta zama ta aljihu yadda baba ya riƙe ta.

Kafin in tafi mun zauna ni da shi mun yi wa sauran abin da ya kamata a yi tun farko. Jar tsatsa mai gari ita ke cin ƙarfe, ita ake cirewa, da man keken ɗinki da soson ƙarfe mai laushi sosai, a hankali, ba samfefa ba inji. Baƙin da ke ƙarƙashi a bar shi, shi ke kare ƙarfen. Wuƙar kaka mun fitar da ita daga kube domin fatar da aka jeme da bagaruwa in ta sha danshin damina ita da kanta ke sa tsatsa, mun naɗe ruwan a tsumma mai ɗan mai, kuben kuma aka shafa masa man kaɗanya kaɗan don hunturu kar ya fasa shi, ɗinkin zoben ya saki mun kai wa wani baduku da sharaɗin ya bi tsofaffin ramukan kar ya huda sabo.

Fitilar ta ɗauke mu sati biyu. Mai gyara ya yanka sabuwar fatar famfo ya jiƙa ta a mai, ragar kuma sai da aka sa wani direba ya taho da ita daga Kano. Daren da muka gwada ta a tsakar gida auta ne ya buga famfo, na zuba alkol a ɗan kaskon na kunna muka jira bututun ya yi zafi, da ya murɗa sai ta yi tari sau biyu da jar wuta sannan ta kama fari tas har kana ganin tsagar bango. Inna ta fito bakin ƙofa ta tsaya, ta ce ba hasken ba, wannan hucin da take yi, shi take ji daga zaure ta san ya dawo daga tafiya yana sauke kaya. Ta yi kamar minti arba'in tana ci sannan iska ta fara zurarewa ta murfin tanki, robar wurin ta mutu, auta ya kashe ta ya cire murfin ya sa a aljihu zai nemo irinta ranar Alhamis.